Sifili Daban, Babu Daban

A hutun daminar da ta wuce, ɗan yayata ya zo mana daga Yamai, ya yi mako biyu a Damagaram. Ni na riƙe shi tun yana aji uku, a hannuna ya koyi lissafi, saboda haka ko yanzu da ya tara gemu ba ya ɓoye mini damuwarsa. Ilimin kwamfuta ya karanta. Yana aiki da wani ɗan ƙaramin kamfani da ke rubuta manhajar salula domin masu sayen hannun jari. Aikin manhajar shi ne ta zana wa mutum yadda farashi ke hawa da sauka, ta kuma aiko masa da saƙo idan farashin ya faɗi ƙasa da iyakar da ya ajiye.

Daren kwana na huɗu na fito alwala, sai na tarar da shi a zaure, kwamfuta bisa cinya, shayinsa ya huce bai taɓa ba. Na ce, "Kai kuwa lafiya?" Ya ce, "Kawu, na yi ɓarna." Ya juyo mini da fuskar kwamfutar. Na ga zanen farashin wani kamfani yana tafiya lafiya lau a kusa da sefa 2500, sai rana guda ya rikito har ƙasa, ya taɓa sifili, washegari kuma ya koma inda yake kamar ba abin da ya faru. Kamar mutum ne yana tafiya a fili ya faɗa rijiya, ya fito ta ɗaya gefen ko ƙura bai kwasa ba.

Farashin bai faɗi ba. Ranar nan ba a yi ciniki ko ɗaya a kan hannun jarin kamfanin ba, shi ke nan. Amma manhajar ta ɗauka ya koma sifili, ta aika wa duk masu riƙe da shi saƙon gaggawa da dare. A cikinsu akwai wani dattijo ɗan fansho da ya zuba abin da ya tara a wannan kamfani. Bai runtsa ba ranar. Da gari ya waye ya kira dillalinsa ya ce a sayar da komai. An sayar, ya biya ladan dillanci a banza, ya kuma fita ƴan kwanaki kafin a raba ribar shekara. Yanzu ya gano saƙon ƙarya ne, ya kira kamfanin cikin fushi, maigidan ɗan yayata kuma yana son jin bayani kafin Litinin.

Ni malamin firamare ne. A makarantar horar da malamai ta nan Damagaram na yi karatu, na haura shekara ashirin ina riƙe da alli, ban san komai a kan kasuwar hannun jari ba. Na ce masa ya bayyana mini kamar yadda zai bayyana wa ɗan aji shida. Abin da ya faɗa mini daren nan shi ne dalilin wannan rubutu, domin kafin ya gama na gane cewa kuskurensa ni ma na taɓa yinsa, da jan biro, a kan ƴar mutane.

Ga yadda abin yake. Zanen da ƴan kasuwa ke dubawa ana kiransa zanen kyandir, don kowace rana tana fitowa kamar kyandir mai lagwani sama da ƙasa. Asalinsa daga ƴan kasuwar shinkafa na Japan yake, ana danganta shi da wani attajiri Munehisa Homma da ya yi ciniki a kasuwar Dojima ta birnin Osaka a ƙarni na 18, sai wani Ba'amurke Steve Nison ya yaɗa shi a ƙasashen Turawa da littafin da ya fitar a 1991. Kowane kyandir da lamba huɗu ake gina shi: farashin buɗe kasuwa, mafi tsadar da aka kai, mafi arahar da aka sauka, da farashin rufewa. Sai a ƙara ta biyar, wato yawan abin da aka saya aka sayar.

Waɗannan lambobi ba a cikin salula ake haifarsu ba. Wani kamfani mai tattara bayanan kasuwa ne ke aiko su ta intanet, a rubuce cikin wani tsari da ake kira JSON, wanda ya yaɗu tun farkon shekarun 2000. Kafin a aiko sai an ɗaure su wuri guda kamar ƙunshin kaya. Idan sun iso, manhajar ce za ta kwance ƙunshin, ta ɗauki kowace lamba ta sa a gurbinta. Wannan kwancewar ita ce aikin ɗan yayata, kuma a nan matsalar ta ɓuya: mene ne za ka sa a gurbi idan ka kwance ƙunshi ka tarar babu kayan?

Ya ce "babu" ɗin ma ba fuska ɗaya take zuwa da ita ba. Wani lokaci mai aikowa yakan rubuta kalmar null, wadda a tsarin JSON take nufin an san da gurbin amma ba kowa a ciki. Wani lokaci sunan gurbin ma gaba ɗaya ba ya zuwa. Wani lokaci a aiko rubutu wayam, ba harafi ko ɗaya. Wani lokaci kuma a tsallake ranar ɗungurungum, ka ga Talata sai Alhamis. Shi kuwa da harshen kwamfuta mai suna Go ya rubuta nasa ɓangaren. Ɗabi'ar wannan harshe ita ce duk gurbin lamba da sifili yake farawa. Idan lamba ta zo, ta maye gurbin sifilin. Idan null ne ya zo, ko ba abin da ya zo, sifilin yana nan zaune, kuma ba ƙararrawar da za ta kaɗa. Ya ce ba Go kaɗai ba ne: a harshen JavaScript ma, in ka ce a mayar da null lamba, sifili za a ba ka. Na'urar ba ta yi ƙarya da gangan ba. An tambaye ta lamba, ba ta da wurin da za ta ce "ban sani ba", sai ta miƙa abin da ke hannunta.

Na tambaye shi, to in sifili ɗaya ne a rana ɗaya, ai mai hankali zai gane. Ya ce ido zai gane, lissafi ba zai gane ba. Ƴan kasuwa suna duba matsakaicin farashi na kwana 20 don su ga inda kasuwa ta dosa. Idan farashi na zaune a 2500, sifili guda ya shiga cikin kwanakin nan, matsakaicin ya koma 2375, kuma haka zai zauna a karkace har sai ranar nan ta fita daga cikin kwana 20. Ramin da ke zanen kowa zai gan shi. Karkatar matsakaicin ba mai gani, kuma da ita mutane ke yanke shawara.

A nan ne na yi shiru, har ya tambaye ni ko barci nake ji.

Shekarata ta uku da fara aiki, a wata makarantar ƙauye, ina riƙe da aji biyar. Akwai wata yarinya mai natsuwa, a layin gaba take zama. A jarabawar zango na farko ta samu 7 bisa 10, a ta biyu ta samu 6. Makon jarabawa ta uku ƙyanda ta kwantar da ita. Da na zo cike babban kaye na sakamako, ga gurbi wayam a gaban sunanta, darakta yana jira, ni kuma ban son a ce kayena bai cika ba. Na ɗauki jan biro na zana sifili. Bakwai da shida da sifili, a raba uku, ya ba da 4,33. Ana wucewa da 5. Da na raba abin da ta rubuta da hannunta kawai, 6,5 za ta samu. Aka rubuta mata maimaita aji.

Mahaifinta ya zo ya same ni a gindin bedi, takardar a hannunsa. Bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Mushe, ashe yarinyar nan ba ta da kai?" Na fara kame-kame, ina cewa ai ba ta zo ba ne, ai doka ce. Ya ce, "To, in ba ta iyawa, gara ta taimaki uwarta." Da aka koma hutu a watan Oktoba ba ta dawo ba. Na je gidan sau biyu, na makara. Shi lamba ya gani, kuma lamba daga hannun malami ba abin musu ba ce a wurinsa. Sifilin da na rubuta yana cewa an tambaye ta ba ta san komai ba. Gaskiyar kuwa ita ce ba a tambaye ta ba.

Abin mamaki, kalmar da kanta tana taimaka wa ruɗanin. Sifili daga Larabci muka aro ta, inda asalinta ke nufin wofi, su ma Larabawa fassara suka yi daga kalmar Indiyawa mai wannan ma'ana. Amma tun shekarar 628, da masanin Indiya Brahmagupta ya rubuta ƙa'idojin tarawa da ɗebewa da ita, sifili ta tashi daga wofi ta zama lamba mai cikakken matsayi. Lamba ce da ke ba da labari: an auna, ga abin da aka samu. Gurbi wayam kuwa cewa yake ba a auna ba. Duk wanda ya haɗa su ya ba da shaidar abin da bai gani ba.

Na ba ɗan yayata wannan labari, wanda ban taɓa ba kowa a gida ba. Daga nan muka koma kan aikinsa, ni ina tambaya irin ta jahili, shi yana gwadawa.

Dabarar farko da ta zo mini ita ce a share duk inda aka ga null, a huta. Ya yi dariya ya ce nan ma akwai rami. Wasu masu aiko bayanai a jere-jere suke aikowa: jerin ranaku daban, jerin farashin buɗewa daban, jerin na rufewa daban, ana haɗa su ta matsayi, na farko da na farko, na biyu da na biyu. In ka cire gurbi ɗaya daga jeri ɗaya, duk na ƙasa sai su matso sama, farashin Alhamis ya zauna a kan Laraba har ƙarshen shekara. Wannan kam ban buƙaci bayani ba. Duk malamin da ya taɓa kwafe maki daga takardu zuwa jerin sunaye, ya tsallake yaron da bai zo ba, ya san yadda makin kowa ke komawa kan na sama da shi. In za a cire, ranar gaba ɗaya ake cirewa daga kowane jeri, ko a bar gurbin a matsayinsa.

Dabara ta biyu ita ce a ɗauki farashin rufewa na jiya a sa a yau. Ya ce ana yin haka sosai, kuma yana da hujja, domin in ba a yi ciniki ba, farashin ƙarshe da aka sani shi ne na jiya. Sharaɗin shi ne a sa masa alama, a zana shi da launi dabam, yawan ciniki kuma a rubuta sifili, don wannan sifilin na gaskiya ne. Amma in bayanan ne suka ɓace a hanya alhali an yi ciniki, to maimaita na jiya ya zama rufa-rufa: mutum zai ga kasuwa kwance lafiya, ita kuwa tana gudu.

Dabara ta uku ita ce a ja layi daga jiya zuwa gobe, a ƙiyasta na tsakiya. Wannan yana gyara kyan zane, amma farashi ne da ba wanda ya taɓa saya ko sayarwa a kansa. Ga mai gwada dabarun ciniki a kan bayanan baya kuwa haɗari ne babba, domin an yi amfani da farashin gobe wajen ƙirƙiro na yau, sai dabarar ta yi kamar ta san gaibu.

Sai na ce, to a koya wa manhajar cewa duk inda ta ga sifili ko abin da ya gaza sifili, ta ɗauka babu ne. Ya ce wannan kuskuren farko ne aka juya shi. Ya tuna mini da ranar 20 ga Afrilun 2020, lokacin kullen korona, da farashin gangar ɗanyen man Amurka na kwantiragin watan Mayu ya rufe a dalar Amurka 37 da santi 63 ƙasa da sifili, saboda wuraren ajiya sun kusa cika, mai riƙe da man sai ya biya kafin a karɓa. Manhajar da aka gina a kan cewa farashi ba ya sauka ƙasa da sifili, a ranar nan gaskiya za ta jefar. Darasin shi ne kada a ari wata lamba, ko sifili ko waninta, a ce ita ce wakiliyar babu. Babu tana buƙatar gurbinta na kanta.

Abin da ya yi ke nan kafin asuba. Ya canza gurabun farashin zuwa irin waɗanda ke iya zama wayam, yadda duk lissafin da zai taɓa su sai ya fara tambaya ko akwai wani abu a ciki. Ya raba rashin gida uku: ranar da kasuwa ke rufe, kamar Asabar da Lahadi da ranakun hutu, wadda ba a zana ta sam, ranar da kasuwa ke buɗe ba a yi ciniki ba, wadda ake nunawa da alama, da ranar da bayanai ba su iso ba, wadda ake barin giɓi a fili, a rubuta wa mai dubawa cewa ba a samu bayani ba, a kuma sake nema. Ya hana saƙon gaggawa fita a kan duk farashin da ba daga ciniki na gaskiya ya fito ba. Sannan ya ƙara bincike irin na hankali: mafi araha ba zai wuce mafi tsada ba, buɗewa da rufewa dole su faɗa tsakaninsu. Kuma a kasuwar hannun jari ta yankinmu, BRVM, da ke Abijan, wadda ta fara aiki a 1998 domin ƙasashe takwas na UEMOA har da Nijar, ba a barin farashin hannun jari ya hau ko ya sauka fiye da kashi 7,5 cikin 100 a rana guda. Da manhajarsa ta san wannan, da ta gane cewa daga 2500 zuwa sifili cikin yini ɗaya ba zai yiwu ba, ta tsaya ta yi tambaya.

Hausawa na cewa da babu gara ba daɗi. A wurin tuwo haka ne. A wurin lamba kuwa, babu ta gaskiya ta fi lambar ƙarya sau dubu, domin giɓi yana sa mutum ya tambaya, lamba kuwa tana sa ya yarda.

Ƴan'uwana malamai, yanzu da yawanmu a Excel muke haɗa maki, kuma wannan ramin yana nan a ciki. Umarnin MOYENNE yana tsallake gurbin da ke wayam, amma yana ƙirga sifili. In kuwa ka tara makin da kanka ka raba da yawan jarabawa, gurbin wayam ya zama sifili ba tare da ka rubuta ba. Takarda ɗaya, yaro ɗaya, sakamako biyu, ya danganta da yadda ka rubuta lissafin. Na san abin da wasunku za su ce, kuma da gaskiyarsu: in aka bar gurbi wayam ga kowa, malalacin yaro zai ci jarabawa ɗaya ya ɓuya a sauran, ya fi mai zuwa kullum. Shi ya sa mu ma sai mun raba rashin gida-gida kamar yadda ɗan yayata ya yi. Wanda ya zauna ya kasa, sifilinsa nasa ne. Wanda ya ƙi zuwa ba dalili, in dokar makaranta ta ce sifili, a sa, amma a rubuta a gefe cewa na horo ne. Wanda ciwo ko rasuwa ko ambaliya ta hana, a rubuta bai zo ba, a shirya masa ramuwa. Rabin awa ce a ƙarƙashin bishiya. Ni rabin awar nan na kasa bayarwa.

Ku kuma iyaye, in kun ga sifili ko matsakaici ya faɗi warwas a takardar ɗanku, kafin bulala, kafin ku ce ba shi da kai, ku je ku tambayi malam: ya zauna jarabawar ya samu wannan, ko bai zauna ba? Ba rashin kunya ba ne, kuma malamin kirki ba zai ji haushi ba. Haka in wani naku ya nuna muku zane a salula yana cewa kuɗi sun narke, ko sun ninka, ku ce ya kira dillali ya tabbatar kafin ya taɓa komai.

Ranar Litinin ɗan yayata ya rubuta wa maigidansa bayani, bai ɗora wa mai aiko bayanai laifi ba, domin su null suka aiko, gaskiya suka faɗa. Ya nemi lambar dattijon ya kira shi da kansa. Ina zaune na ji yana cewa, "Baba, laifina ne, ku gafarce ni." Kamfanin ya mayar wa dattijon ladan dillancin da ya biya, ribar da ta wuce shi kuwa ta wuce. An bar yaron a bakin aikinsa da gargaɗi a rubuce.

Ni ba ni da lambar da zan kira. An ce mini yarinyar tana aure a wani gari wajen Tanut, da ƴaƴanta. A shafin farko na kayen sakamakona na bana na rubuta da jan biro: kada ka cike gurbin da ba ka auna ba. Sabon malamin da aka turo mana ya gani ya tambaye ni ma'anarsa, na ce ya jawo benci ya zauna.

Allah ya ba mu ikon riƙe amanar ƴaƴan mutane da dukiyarsu.